Apollo 13: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kumbon da Tankinsa Ya Fashe a Hanyar Wata

A watan Afrilun 1970 wasu Amurkawa uku sun kama hanyar duniyar wata, tankin iskarsu ya fashe suna nesa da gida da kilomita fiye da dubu ɗari uku, suka kuma dawo da ransu bayan kwana huɗu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan tafiya, da amsarsu.

Wace tafiya ce Apollo 13, kuma su wa ke ciki?

Ita ce tafiya ta uku da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta shirya don sauke mutane a kan wata, bayan Apollo 11 da Apollo 12 da suka yi nasara a 1969. Rokar Saturn V ta ɗaga ta daga cibiyar Kennedy a jihar Florida ranar Asabar, 11 ga Afrilu, 1970. Inda aka nufa shi ne wani yanki mai tuddai da ake kira Fra Mauro, wanda masana duwatsu suka ƙwallafa rai a kansa.

Shugaban tafiyar shi ne Jim Lovell, mai shekara 42, kuma wannan ne karo na huɗu da ya je sararin samaniya. Ya riga ya zagaya wata a Apollo 8 a 1968. Sauran biyun, Fred Haise da Jack Swigert, wannan ne fitarsu ta farko. Swigert ma ba ya cikin jerin asali. Ken Mattingly ne ya kamata ya tafi, amma 'yan kwanaki kafin tashi aka gano ya yi cuɗanya da wani ɗan sama-jannati, Charlie Duke, wanda ya kamu da ƙyandar Jamus. Likitoci suka ce jinin Mattingly ba shi da kariya daga cutar, aka cire shi aka saka Swigert. Ƙyandar ba ta taɓa kama shi ba, kuma zamansa a ƙasa ya yi rana, kamar yadda za a gani.

Yaya fasalin kumbon yake?

Sai an gane wannan kafin a gane sauran labarin. Kumbon kashi uku ne. Akwai ɗakin tuƙi, mai siffar malfa, wanda suka sa wa suna Odyssey. Nan mutum ukun ke zama, kuma shi kaɗai ke da garkuwar zafi a ƙasansa, don haka shi kaɗai zai iya ratsa iskar duniya ya dawo da mutane. A bayansa akwai rumbun kayan aiki, doguwar ganga da ba a shiga cikinta, mai ɗauke da babban inji da tankokin oksijin da haidirojin da na'urorin samar da lantarki. A gaban Odyssey kuma an maƙala ƙaramin kumbon sauka mai ƙafa huɗu, Aquarius, wanda aka ƙera don ya kai mutum biyu kan wata, ya riƙe su kamar kwana biyu, ya dawo da su sama.

Me ya faru a daren 13 ga Afrilu?

Kwana biyu na farko ba wani abin tashin hankali, in ban da injin tsakiya na hawa na biyu na rokar da ya mutu minti biyu kafin lokacinsa, sauran huɗun suka cike gurbin. A daren Litinin sun gama shirin talabijin kai tsaye daga cikin kumbon, wanda manyan tashoshin Amurka ba su ma sa ba, domin zuwa wata ya fara zama abin da aka saba. 'Yan mintoci bayan haka, Jack Lousma, wanda ke magana da su daga cibiyar kula da tafiya a Houston, ya ce wa Swigert ya kunna fankokin cikin tankoki. Aiki ne na yau da kullum. Oksijin ɗin yana cikin tsananin sanyi, kuma inda babu nauyi yakan kwanta hawa-hawa har ma'auni ya kasa faɗin ainihin abin da ya rage, shi ya sa ake dama shi da fanka.

Swigert ya kunna. Bayan kamar minti ɗaya da rabi suka ji wata ƙara mai ƙarfi, kumbon ya girgiza, fitilun gargaɗi suka kama. Awa 55 da minti 55 ke nan da tashinsu, ƙarfe tara da 'yan mintoci na dare a Houston, wajen ƙarfe huɗu na asubahin Talata a agogon Najeriya da Nijar. Swigert ya kira ƙasa ya ce sun samu matsala, Lovell ya maimaita, ya ƙara da cewa wutar ɗaya daga cikin manyan layukan lantarki ta yi ƙasa.

Da farko Lovell ya ɗauka Haise ne ke wasa da wani bawul mai ƙara, don ya saba firgita su da shi. A ƙasa kuma, Sy Liebergot, mai lura da lantarki da iska, ya ga alƙaluman da ba su taɓa haɗuwa ba ko a gwaji, har aka fara zaton na'urorin auno ne suka rikice. Abin da ya raba gardama shi ne lokacin da Lovell ya leƙa taga, kamar minti goma sha huɗu bayan ƙarar, ya ga wani abu kamar hayaƙi yana fita daga gefen kumbon. Oksijin ne. Tanki na biyu ya tarwatse, na ɗaya kuma yana yoyo.

To me ya sa tankin ya fashe?

A nan ne labarin ya fi ba ni tsoro, domin babu wani babban kuskure guda ɗaya da za a nuna da yatsa. Kwamitin bincike ƙarƙashin Edgar Cortright, wanda Neil Armstrong, mutumin farko da ya taka wata, ke cikinsa, ya bi diddigin tankin, ya tarar an fara haƙa ramin tun shekara biyar kafin tafiyar.

A cikin kowane tanki akwai hita, kuma hitar tana da ɗan makashi da ke yanke wuta idan zafi ya kai kimanin digiri 27 a ma'aunin Selsiyas. An ƙera makashin don wuta mai bolt 28, irin ta cikin kumbo. A 1965 aka sauya ƙa'ida, aka ce kayan tanki su iya ɗaukar bolt 65, irin wutar da ake amfani da ita a wurin harba roka. Aka gyara sauran abubuwa, makashin ya tsallake. Kamfanin Beech da ya ƙera tankin bai lura ba, North American Rockwell da ya ba shi kwangila bai lura ba, NASA ma ba ta lura ba.

Sai kuma a watan Oktoban 1968. An fara ɗora tankin ne a kumbon Apollo 10, aka zo cire shi don yin gyara, aka manta ba a kwance ƙusa guda ba, shiryayyen da yake kai ya ɗaga ya faɗo da kamar santimita biyar. An duba, ba a ga lahani ba, aka wuce da shi zuwa Apollo 13. Ana kyautata zaton faɗuwar ce ta sassauta wani ɗan bututu a ciki.

A watan Maris na 1970, lokacin gwajin ƙarshe a Florida, aka cika tankin aka zo juye shi, ya ƙi juyuwa, saboda wancan bututun. Sauya tanki zai jinkirta tafiya, sai injiniyoyi suka kawo dabara: a kunna hita a tafasa oksijin ɗin ya fita da kansa. An nemi amincewar Lovell, ya amince, bisa bayanin da aka yi masa. Aka bar hita a kunne kusan awa takwas da wuta mai bolt 65. Da zafi ya tashi makashin ya zo yankewa, sai wutar ta narkar da bakinsa ya manne. Zafi ya ci gaba da hawa har aka ƙiyasta ya kai digiri 540. Mutumin da ke gadin ma'auni bai ga komai ba, domin ma'aunin nasa ba ya iya nuna abin da ya wuce kimanin digiri 30. Allurar ta kai ƙarshe ta tsaya, shi kuma yana ganin lafiya lau.

Wannan zafi ya ƙona rigar Teflon da ke jikin wayoyin fanka. Daga ranar tankin ya zama tarko: waya tsirara a cikin oksijin zalla. Da Swigert ya kunna fanka, wayoyi suka yi tartsatsi, rigar ta kama wuta, matsin ciki ya hau har tankin ya fashe, ya fizge bango guda na rumbun ya jefar. Ba laifin Swigert ko ɗaya. Duk wanda aka ce ya danna makunnin nan, abin da zai faru ke nan.

Me ya haɗa fashewar tankin iska da rashin wuta da ruwa?

Odyssey ba ya amfani da hasken rana. Na'urori uku ne ke haɗa oksijin da haidirojin su ba da lantarki, abin da ya rage kuma ruwa ne mai tsabta da ake sha. Oksijin ya tafi, wuta ta tafi, ruwa ya tafi. Biyu daga cikin na'urorin sun mutu cikin 'yan mintoci, ta ukun tana ta ja da baya yayin da tanki na ɗaya ke ƙarewa.

Odyssey yana da ƙananan batura uku, amma na sa'o'in ƙarshe ne, na shigowa duniya. In aka cinye su a hanya, babu abin da zai buɗe laimar sauka. Dole aka yanke shawarar da ba a taɓa yi ba a sarari: a kashe ɗakin tuƙi gaba ɗaya, a koma cikin Aquarius. Gene Kranz ne ke shugabancin cibiyar Houston lokacin fashewar, bayan kamar awa ɗaya Glynn Lunney ya karɓa da tawagarsa, kuma a hannun Lunney aka yi wannan ƙaura. Sunansa bai yi tashe kamar na Kranz ba, alhali sa'o'in da ya riƙe su ne mafi haɗari. Kafin a kashe kwamfutar Odyssey, sai da aka kwashe alƙaluman saitin alƙibla zuwa ta Aquarius da lissafin hannu. Lovell ya yi lissafin a takarda, ya roƙi na ƙasa su duba masa, don ya san gajiya da fargaba na sa mutum kuskure.

Me ya sa ba su juyo nan take ba, sai da suka zagaya wata?

Juyowa kai tsaye na bukatar babban injin da ke jikin rumbun da ya fashe. Ba wanda ya san halin da yake ciki, kuma kunna shi na iya tarwatsa komai. Hanya ta biyu ta fi tsawo amma ta fi aminci: a bar ƙarfin janyowar wata ya lanƙwasa tafiyar ya cillo su gida. Matsalar ita ce tun a rana ta biyu sun bar wannan turba mai dawowa da kanta, don su daidaita da Fra Mauro. Da an bar su haka, da sun wuce duniya ta gefe.

Saboda haka, kamar awa biyar da rabi bayan fashewar, suka kunna injin saukar Aquarius na daƙiƙa 34, suka koma turbar. An ƙera injin nan ne don sauka a kan wata, ga shi yana tura kumbo biyu da mataccen rumbu. Sun bi ta bayan wata a tazarar kilomita 254 daga doronsa. A lokacin suna nesa da duniya da kilomita 400,171, nisan da ɗan Adam bai taɓa kaiwa ba, kuma aka shafe fiye da shekara hamsin ba a wuce shi ba. Haise da Swigert suka manne da taga suna ɗaukar hoto, Lovell yana tuna musu cewa akwai aiki a gaba.

Awa biyu bayan sun wuce kusa da watan suka sake kunna injin na minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Wannan ya rage musu kimanin awa goma, ya kuma sauya wurin faɗawarsu daga Tekun Indiya zuwa Tekun Fasifik, inda jiragen ɗauko su suke.

Yaya suka san alƙibla bayan an kashe na'urori?

A ka'ida da taurari ake saita kumbo. To tarkacen fashewar sun kewaye su suna ƙyalli a hasken rana, ba a bambance tauraro da ɓarɓashi. Sai Houston ta ce su gwada da tauraron da ba ya ɓacewa, wato rana. Aka umarci kwamfuta ta juya kumbon inda take zaton rana take, Haise ya leƙa madubin hange, ya tarar da ita a wurin. Saitin yana nan daidai.

Gyaran da ya biyo baya ya fi wuya, domin an riga an kashe kwamfutar Aquarius don adana wuta. Masu bin sawu a ƙasa sun ga turbar tana kaucewa kaɗan-kaɗan. Daga baya aka gane tururin ruwan da ke sanyaya na'urorin Aquarius ne ke tura su a hankali. Sai aka yi gyaran da hannu. Lovell ya saita duniya a tsakiyar ma'aunin tagarsa, yana bin layin da ya raba dare da rana a jikinta, Haise yana riƙe ɗaya ɓangaren tuƙin, Swigert yana ƙirga lokaci da agogon hannu. Daƙiƙa 14 injin ya yi, kuma gyaran ya zauna.

Ina gaskiyar labarin leda da kwali da salatif?

Gaskiya ne. Oksijin bai yi musu ƙaranci a Aquarius ba, akwai isasshe. Abin da ya so kashe su shi ne iskar kabon da suke fitarwa da numfashinsu. Ana tace ta da wasu gwangwanaye masu sinadarin litiyom, kuma na Aquarius an ƙiyasta su ne don mutum biyu na kwana biyu. Odyssey na da gwangwanaye jibge, sai dai nasa masu kusurwa huɗu ne, ramin na Aquarius kuwa zagayayye ne. Kamfanoni biyu ne suka ƙera kumbunan, Grumman ya yi Aquarius, North American Rockwell ya yi Odyssey, kowa da fasalinsa.

Ed Smylie da mutanensa a Houston suka tara irin kayan da suka san akwai a cikin kumbon: ledar kaya, kwalin bangon littafin aiki, tiyon rigar sama-jannati, da salatif mai ƙarfi. Suka haɗa wani akwati da zai sa iska ta bi ta gwangwani mai kusurwa, suka gwada shi a ƙasa ya yi aiki. Babu hanyar tura hoto, don haka Joe Kerwin ya karanta musu matakan ta rediyo ɗaya bayan ɗaya, Swigert da Haise suna haɗawa, har kusan awa ɗaya. Da suka jona shi, ma'aunin kabon da ya riga ya kunna fitilar gargaɗi ya fara sauka.

Mutane sun fi son wannan ɓangaren, ni ma ina son sa. Abin da nake ƙara lura da shi shi ne, a cikin wannan gaggawa ma, ba su aika dabarar sama ba sai da suka gwada ta a ƙasa.

Yaya rayuwa ta kasance a waɗannan kwanaki huɗu?

Sanyi da ƙishi da rashin barci. Na'urorin lantarki ne ke ɗumama kumbo, da aka kashe su zafi ya zube har ya kai kusan digiri 3 a cikin Odyssey. Ba su da bargo mai kauri. Raɓa ta kwanta a bango da tagogi. Lovell da Haise suka sa takalman da aka tanadar musu don taka wata, Swigert kuwa ba shi da su, ga ƙafarsa ta jiƙe tun lokacin da yake ɗibar ruwa a leda.

Ruwa ya fi komai tsada, domin na'urorin Aquarius da shi suke sanyaya kansu. Mutum ɗaya ya koma shan abin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na lita ba a rana, ƙaramin kofi ke nan. An ce musu su daina zubar da fitsari waje don kada ya karkatar da turba, sai suka riƙa tarawa a leda. Lovell ya rame da kilo shida, su ukun a haɗe kilo goma sha huɗu. Haise ya kamu da ciwon mafitsara, ya ƙarasa tafiyar da zazzaɓi yana rawar sanyi.

Da me ake jin muryarsu daga wannan nisa?

Da manyan faifan rediyo a wurare uku na duniya, ta yadda duk juyin da ta yi akwai mai kallon kumbon: Goldstone a California, kusa da Madrid a Sifen, da Honeysuckle Creek kusa da Canberra a Ostireliya. Da aka rage ƙarfin rediyon Aquarius don adana batir, muryar ta yi rauni ƙwarai, sai aka nemi taimakon babban faifan Parkes a Ostireliya, mai faɗin mita 64, ma'aikatansa suka shirya shi cikin gaggawa.

Mai karatu zai so ya san cewa a shekarun 1960, lokacin da kumbunan Amurka ke zagaya duniya kusa-kusa a shirin Mercury da Gemini, ɗaya daga cikin tashoshin bin sawu na NASA a Kano take. John Glenn ya yi magana da ita lokacin da ya zagaya duniya a Fabrairun 1962. Tafiyar wata kuwa ta bukaci waɗancan manyan faifai.

Yaya aka tayar da Odyssey bayan ya kwana huɗu a mace?

Babu takardar da ta tanadi haka, domin ba a taɓa tunanin za a kashe ɗakin tuƙi a sarari ba. Rubuta irin wannan tsari yakan ɗauki watanni, an yi shi cikin kwana uku. John Aaron, matashin injiniya mai shekara 26, shi aka ba ikon rabon wuta, ba mai kunna komai sai da izininsa. Arnie Aldrich ya haɗa jerin matakan. Ken Mattingly da wasu 'yan sama-jannati suka shiga kumbon gwaji a ƙasa suna bin jerin, ana gyarawa ana sakewa. An kuma samo hanyar tura wuta daga baturan Aquarius a cika na Odyssey, ta wayar da aka yi don wuta ta bi ɗaya hanyar.

Karanta wa Swigert jerin kawai ya ɗauki kusan awa biyu, yana rubutawa da hannu. Babban abin tsoro shi ne raɓar da ta jiƙa bayan allunan makunnai, kada wuta ta haɗu da ruwa. Ba ta haɗu ba, kuma dalilin yana da ɗaci. Bayan gobarar Apollo 1 ta 27 ga Janairu, 1967, wadda ta kashe Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee a lokacin gwaji, an sake lulluɓe wayoyin ɗakin tuƙi da kyau. Gyaran da mutuwar waɗancan uku ta jawo yana cikin abin da ya tsare waɗannan uku.

Swigert, da ya san gajiya ta ci ƙarfinsa, ya rubuta "a'a" a takarda ya manna a kan makunnin da ke yar da Aquarius, kada ya danna shi abokansa suna ciki.

Yaya saukar ta kasance?

Kamar awa huɗu da rabi kafin isowa suka saki rumbun da ya fashe, a lokacin ne suka fara ganin ɓarnar da idonsu: bango guda babu shi daga sama har ƙasa, wayoyi na reto. Suka ɗauki hotuna. Sabuwar damuwa ta taso, ko fashewar ta tsaga garkuwar zafi da ke manne da wurin. Ba yadda za a duba.

Da ya rage awa ɗaya da 'yan mintoci suka rufe ƙofa suka saki Aquarius, Kerwin ya yi masa ban kwana da godiya ta rediyo. Aquarius yana ɗauke da wani ƙunshin fulutoniyom, sinadari mai haɗari, da aka yi niyyar bari a wata don ba na'urorin bincike wuta, shi ya sa aka saita faɗuwarsa a kan ramin Tonga, ɗaya daga cikin wurare mafi zurfi a Tekun Fasifik.

Kumbon da ke dawowa daga wata yana shigowa da gudun kusan kilomita dubu arba'in a awa, kuma ƙofar shigar ba ta wuce faɗin digiri biyu ba. In ya yi tsaye da yawa ya ƙone, in ya kwanta da yawa ya zame ya koma sarari. Zafin shigowa yana yanke rediyo na 'yan mintoci, an saba da haka. Na Apollo 13 ya wuce lokacin da aka ƙiyasta da kusan minti ɗaya da rabi. Kerwin yana kira, shiru. Sai muryar Swigert ta fito. Laimomi uku suka buɗe, Odyssey ya faɗa ruwa kudu maso gabas da tsibirin Samoa ta Amurka ranar Juma'a, 17 ga Afrilu, ƙarfe bakwai da minti bakwai na yamma a agogon Najeriya. Jirgi mai saukar ungulu ya kwashe su zuwa jirgin ruwan yaƙi Iwo Jima. Tafiyar duka ta ɗauki awa 142 da minti 54.

Duniya da ta yi biris da tashinsu ta tsaya cak don saukarsu. Tarayyar Sobiyet, abokiyar hamayya, ta tura jiragen ruwa ko za a bukaci taimako. Fafaroma Paul na shida ya jagoranci addu'a a Rum. Washegari Shugaba Nixon ya ba ma'aikatan Houston lambar yabo mafi girma ta farar hula, sannan ya wuce Hawaii ya ba matafiyan.

Lamba 13 ce ta jawo musu?

Turawa da yawa na camfa lamba 13, kuma an yi ta nuna cewa sun tashi ƙarfe 13:13 a agogon Houston, tankin ya fashe ranar 13. Sai dai wayoyin sun ƙone ne tun a watan Maris, makashin kuma tun 1965 yake zaune ba daidai ba.

Abin da aka nuna a fim haka ya faru?

Fim ɗin 1995, wanda Tom Hanks ya fito a matsayin Lovell, ya bi gaskiya a mafi yawan abubuwa. Ya ɗan sauya shahararriyar maganar: su "mun samu matsala" suka ce, fim ya mayar da ita "muna da matsala". Maganar nan da aka sa a bakin Kranz, cewa gazawa ba ta cikin zaɓi, bai faɗe ta a lokacin ba, marubutan fim ne suka ƙirƙiro. Cacar baki tsakanin Haise da Swigert ma ƙari ce. Wanda ya saurari ainihin muryoyin da aka naɗa zai yi mamakin natsuwarsu. Fim ɗin ya kuma tattara aikin mutane da yawa ya ɗora wa Mattingly da Kranz, alhali tawaga huɗu ce ke karɓa-karɓa, da dubban injiniyoyi a kamfanoni da ba sa zuwa gida.

Da tankin ya fashe a wani lokaci dabam fa?

Da bayan sun sauka wata ne, an riga an ƙone man Aquarius an yar da shi, babu wanda zai dawo. Da irin haka ta faru a Apollo 8, wadda Lovell ya yi ba tare da kumbon sauka ba, nan ma babu mafita. Fashewar ta zo a lokacin da kumbon ceto ke maƙale, cike da mai da batir da iska. Tun a rana ta biyu ma'aunin tanki na biyu ya lalace, abin da ya sa aka riƙa kunna fanka fiye da yadda aka tsara, kuma mai yiwuwa wannan ne ya gaggauta fashewar zuwa lokacin da ake iya tsira. Da sauran kwanansu a gaba.

Me aka gyara, kuma ina mutanen suka ƙare?

An cire fankokin daga tankoki, an sa wayoyin cikin bututun ƙarfe, an ƙara tankin oksijin na uku a wuri dabam, da babban batir na ko-ta-kwana da ƙarin ruwan sha. Apollo 14 ta tashi ranar 31 ga Janairu, 1971, Alan Shepard da Edgar Mitchell suka sauka a Fra Mauro ɗin.

Cikin ukun babu wanda ya sake zuwa sararin samaniya. Haise ya tuƙa kumbon gwaji Enterprise a gwaje-gwajen sauka na 1977, waɗanda ba su kai sararin samaniya ba. An zaɓi Swigert ɗan majalisar wakilai daga jihar Colorado a Nuwamban 1982, ciwon daji ya kashe shi a Disamba kafin a rantsar da shi. Mattingly ya je wata a Apollo 16 a 1972. Lovell ya rasu a watan Agustan 2025 yana da shekara 97, mutumin da ya je wata sau biyu bai taka shi ba. Odyssey yana ajiye a gidan tarihi na Cosmosphere a garin Hutchinson na jihar Kansas.